ZANGON KWANA TALATIN A KASUWA: YADDA AIKI KE ZAMA ƊABI'A

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya ba shi hankali, Ya hore masa hanyoyin neman halali. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda mutanen Makka suka shaida amanarsa a fatauci tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi ƴan kasuwa, manyansu da ƙananansu: mai kanti, mai tebur, mai shayi, ma'aunin hatsi, dillalin bisashe, da matan da ke sana'a a cikin gida. Abin da ya jawo shi wata shari'a ce da aka kawo mana bayan sallar La'asar. Mutum biyu ne, dukansu ƴan sahu ɗaya. Ɗaya ya ba ɗaya hatsi bashi tun lokacin bazara, a kan za a biya da kaka. Da kaka ta yi, mai hatsi ya ce jikka 18 yake bi, wanda ake bi ya ce shi 13 ya sani. Babu rubutu, babu shaida, kuma kowanensu a shirye yake ya rantse. Ba mu zaton akwai maƙaryaci a cikinsu. Mantuwa ce ta shiga tsakani. An yi sulhu, amma zumuncin shekara ashirin ya yi rauni.

Da muka keɓe da mai hatsin, muka tambaye shi dalilin da ya hana shi rubutawa. Ya ce wallahi ya taɓa sayen littafi da alƙalami bayan wani wa'azin watan azumi, ya yi kwana tara yana rubuta duk abin da ya fita da abin da ya shigo, a rana ta goma baƙi suka zo, daga nan littafin ya shige ƙarƙashin buhuna. Wannan ita ce mas'alar da za mu duba: me ke kashe kyakkyawar niyya a rana ta goma, kuma yaya ake yi ta rayu?

A ƴan shekarun nan masu koyar da sana'a suna yawan kira ga abin da suke cewa ƙalubalen kwana 21 ko na kwana 30, wato mutum ya ɗaura wa kansa yin wani aiki kullum har adadin kwanakin ya cika. Mu a nan za mu kira shi zango, kamar yadda fataken da ke raba doguwar tafiya zango zango. Za mu ga abin da malamanmu suka faɗa, da abin da masu binciken ƙwaƙwalwa suka gano, sa'an nan mu fitar da abin aiki.

FASALI NA ƊAYA: ABIN DA SHARI'A TA NEMA GA ƊAN KASUWA

Ayar da ta fi kowace aya tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma ita ce ta 282 a Suratul Baƙara, kuma a kan bashi take magana. Ta umurci muminai da su rubuta bashin da aka yanka wa lokaci, mai rubutu ya yi adalci, wanda ake bi shi ne zai yi shifta, a kafa shaidu, kuma kada a ƙosa da rubuta shi, ƙarami ne ko babba. Ta yi rangwame ga cinikin hannu da hannu. Mafi yawan malamai sun ɗauki wannan umurni a kan mustahabbi, wasu kuwa, kamar Imamu Ɗabari, sun tafi a kan wajibi ne. Ko wanne aka ɗauka, babu mai cewa barinsa ya fi.

Haka nan zakkar kayan ciniki. A mazhabarmu ta Imamu Malik, ɗan kasuwar da ke juya kayansa kullum, wanda littattafan fiƙihu ke kira mudiri, yana da wata guda a shekara wanda zai ƙiyasta kuɗin kayan da ke hannunsa, ya haɗa da tsabar kuɗi da basussukan da yake sa ran za a biya shi. Idan jimillar ta kai nisabi, wato dinari 20 na zinariya, kimanin giram 85, sai ya fitar da ɗaya bisa arba'in. To, wanda bai san jarinsa ba, bai san abin da yake bi ba, ta yaya zai san haƙƙin talakawa a cikin dukiyarsa? Kuma sau nawa muka zauna rabon gado, magada na kuka, masu bin bashi na ƙofar gida, babu takarda ko ɗaya da za ta gaskata su ko ta ƙaryata su?

Ashe ke nan lissafi da rubutu ga ɗan kasuwa sun shafi addininsa kafin su shafi aljihunsa. Kuma ayyuka ne da ba sa amfani sai an dawwama a kansu. Ya tabbata a Buhari da Muslim, daga Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗi Abdullahi ɗan Amru da kada ya zama kamar wani mutum da ya kasance yana tsayuwar dare sa'an nan ya bari.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 505 ta Hijira, daidai da 1111, ya yi bayani a cikin Ihya'u cewa hali wani yanayi ne da ya kafu a cikin rai, wanda ayyuka ke fitowa daga gare shi a sauƙaƙe ba tare da dogon tunani ba. Ya buga misali da mai koyon rubutu: da farko yana kwaikwayon hannun gwani da wahala da tilasta kai, yana maimaitawa, har kyakkyawan rubutu ya zame masa jiki. Ku riƙe wannan misali, domin abin da za mu kawo daga masu bincike sharhinsa ne.

FASALI NA BIYU: ABIN DA KE GUDANA A CIKIN ƘWAƘWALWA

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam na ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin miliyar 86, wato miliyan dubu 86, kowace na sadarwa da wasu masu yawa. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa a lokacin hutu. Tsarki ya tabbata ga wanda Ya ƙera ta.

Akwai sashe biyu da suka shafi darasinmu. Na farko yana gaban ƙwaƙwalwa, bayan goshi. Shi ne ke aiki sa'ad da mutum ke shawara, yana auna abu, yana hana kansa. Aikinsa na da nauyi, kuma gajiya da yunwa da ɓacin rai da rashin barci na rage masa ƙarfi. Na biyu wasu curarrun jijiyoyi ne a can ciki, waɗanda likitoci ke kira bazal gangiliya. Su ne ke riƙe ayyukan da aka saba, kamar naɗa rawani, ko tuƙa keke, ko ɗaure bakin buhu. Sabon aiki na farawa ne a hannun sashe na farko. Idan aka yi ta maimaita shi a yanayi ɗaya, sai a hankali ragamarsa ta koma hannun na biyu.

Wata malama mai suna Ann Graybiel, a cibiyar MIT ta ƙasar Amurka, ta nuna wannan tare da abokan aikinta a wani bincike da aka buga a 1999. Sun sa ɓeraye a wata ƴar hanya mai rassa biyu, ana yi musu wata ƙara da za ta nuna musu inda za su bi, abinci na jira a ƙarshe, ana kuma auna motsin jijiyoyinsu. A kwanakin farko jijiyoyin na aiki tun daga farkon hanya har ƙarshenta. Da ɓerayen suka saba, sai aikin jijiyoyin ya taru a wuri biyu: farkon tafiya da ƙarshenta. Tsakiya ta zama dunƙule guda, tana tafiya da kanta. A 2005 suka ƙara nuna cewa idan aka janye abincin har ɓera ya daina bin hanyar, wannan tsari na dusashewa, amma da zarar an mayar da abincin sai ya dawo da sauri. Ma'ana, tsohon sabo kwanciya yake yi, ba ya mutuwa.

Kowa ya san turbar da ke tafiya daga gari zuwa rijiya a cikin rairayin Dallol. Ba wanda ya zana ta; ƙafafu ne suka yi ta yau da gobe. Mai tafiya da dare ba ya neman ta da ido, ƙafarsa ke kai shi. Idan kana son sabuwar turba, dole ka taka wuri ɗaya sau da yawa, kuma ka sani tsohuwar na nan tana jiran ranar da ka gaji.

Abu na gaba shi ne wani sinadari da ake kira dofamin. Wolfram Schultz, wanda ya yi aikinsa a Firibur ta ƙasar Suwizilan, ya auna jijiyoyin da ke fitar da shi a ƙwaƙwalwar birai, kuma shahararren bayaninsa da abokan aikinsa ya fito a 1997. Idan biri ya samu ruwan ƴaƴan itace ba zato, jijiyoyin na zabura. Idan aka saba nuna masa wata alama kafin a ba shi, sai zaburar ta bar lokacin sha ta koma lokacin ganin alamar. Idan kuwa aka nuna alamar aka hana shi, sai jijiyoyin su yi sanyi ƙasa da yadda suke. Makiyayanmu sun san ɗan'uwan wannan al'amari: saniyar da aka saba tatsa a lokaci ɗaya, a wuri ɗaya, da ganin maraƙinta da jin motsin ƙwarya sai nono ya sauko.

Daga nan muka fahimci cewa sabo na da ƙafa uku kamar murhu: alamar da ke tayar da shi, aikin kansa, da wani daɗi ko amfani da ke biyo baya. Mai hatsin da muka ambata yana da niyya, yana da littafi, amma bai ɗaure rubutun da wata alama tabbatacciya ba. Kullum sai ya tuna da kansa. Ranar da baƙi suka shagaltar da gaban ƙwaƙwalwarsa, babu abin da ya rage da zai tunatar da shi.

Wata mai bincike, Wendy Wood, da abokan aikinta sun sa mutane suna rubuta abin da suke yi kowace sa'a. Sakamakon da suka buga a 2002 ya nuna cewa tsakanin sulusi da kusan rabin ayyukan yini ana yin su ne bisa sabo, a wuri ɗaya, hankali na wani waje. To, idan rabin yinin ɗan kasuwa sabo ke tafiyar da shi, ya kamata ya duba wane irin sabo ne ke riƙe da jarinsa.

FASALI NA UKU: KWANA NAWA AKE BUKATA?

Maganar kwana 21 ta samo asali ne daga wani likitan gyaran fuska na Amurka, Maxwell Maltz, wanda ya rubuta a 1960 cewa majinyatansa kan ɗauki aƙalla kwana 21 kafin su saba da sabuwar kamarsu. Lura ce ta likita, ba gwaji ba, kuma ya ce aƙalla. Masu ruwaya suka yar da kalmar aƙalla, suka riƙe adadin. Ɗaliban hadisi sun san irin ɓarnar da faɗuwar kalma ɗaya ke yi wa ruwaya.

Wadda ta auna abin da gaske ita ce Phillippa Lally da abokan aikinta a wata jami'a ta birnin Landan, aikinsu ya fito a 2009. Mutum 96 kowa ya zaɓi ƙaramin aiki ɗaya da zai riƙa yi sau ɗaya a rana a yanayi ɗaya, kamar shan ruwa bayan karin kumallo, har mako 12. A cikin waɗanda aka iya auna tafiyarsu sosai, matsakaicin lokacin da aikin ya ɗauka kafin ya zama jiki shi ne kwana 66. Mafi sauri kwana 18, mafi jinkiri an ƙiyasta masa 254. Aiki mai sauƙi ya fi saurin kamawa a kan mai wuya. Kuma sun ga cewa tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba.

Saboda haka kwana 30 ga mafi yawan mutane rabin hanya ne. Wanda ya cika zangonsa ya ce ya gama, kamar manomi ne da ya yi noman fari ya bar maimai.

Idan aka ce: to mene ne amfanin zangon ke nan? Sai mu ce amfaninsa uku ne. Na farko, yana sauƙaƙa farawa. Idan ka ce wa mutum ya riƙa rubuta cinikinsa har ƙarshen rayuwarsa zai ji nauyi. Idan ka ce wata ɗaya, zai ce bari in gwada. Wasu masana uku a jami'ar Fensilbeniya, Dai da Milkman da Riis, sun nuna a 2014 cewa mutane sun fi ɗaukar sabon ƙuduri a farkon mako, ko farkon wata, ko farkon shekara, domin suna jin an buɗe musu sabon shafi. Na biyu, ganin ƙarshen tafiya na ƙara kuzari. Clark Hull ya lura tun a shekarun 1930 cewa ɓera na ƙara gudu idan ya kusa abinci, kamar yadda jaki ke yi idan ya hango gida. Na uku, farkon kwanaki su ne sabo ya fi saurin ƙaruwa a cikinsu, kamar yadda binciken Landan ya nuna, don haka kiyaye su na da daraja ta musamman.

Amma yana da aibi guda, kuma mun san shi a masallatanmu. A watan azumi sahu kan cika har waje. Bayan Salla da mako biyu a sallar Asuba sai a ga sahu ɗaya bai cika ba. An ga irin wannan a kasuwa ma: wani bincike na 2006 a kan masu sayen kofi da ake ba kyautar kofi ɗaya bayan sun sayi goma ya nuna suna ƙara yawan zuwa idan sun kusa kyautar, da sun karɓa kuwa sai su yi sanyi. Ranar da ta fi haɗari a zangon kwana 30 ita ce ta 31.

FASALI NA HUƊU: ABIN DA AKA GANI GA ƳAN KASUWA

Ba sai mun tafi nesa ba. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi. Mata na haɗuwa rana ɗaya tabbatacciya a kowane mako, kowace ta zuba ɗan abin da aka yi ittifaƙi a kansa a cikin akwati, a gaban idon kowa, bayan wasu watanni a raba, sa'an nan a sake sabon zagaye. Daga Nijar wannan tsari ya bazu zuwa ƙasashe masu yawa na Afirka da wajenta. Dubi abin da ya ƙunsa: ƙaramin aiki, rana sananniya, idon jama'a, ƙarshe sananne, da sabon farawa nan take. Sai dai wajibi ne mu faɗa cewa duk inda aka sharɗanta ƙari a kan rance, wannan ƙarin kuɗin ruwa ne, bai halatta ba. A ɗauki tsarin, a bar ƙarin.

A Jamhuriyar Dominika, Drexler da Fischer da Schoar sun raba ƙananan ƴan kasuwa kusan 1,200. Wasu aka koya musu ilimin lissafin kuɗi irin na makaranta, wasu kuwa aka ba su ƴan ƙa'idoji masu sauƙi: ka ajiye kuɗin sana'a a aljihu ɗaya, na gida a wani, ka yanka wa kanka albashi, idan ka ara daga jakar sana'a ka rubuta, ka mayar cikin mako. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna masu ƙa'idojin nan masu sauƙi su ne suka fi canza yadda suke riƙe kuɗinsu, musamman waɗanda karatunsu bai yi zurfi ba.

A birnin Lome na ƙasar Togo kuma an yi gwaji da ƙananan ƴan kasuwa 1,500. A 2014 aka ba kashi ɗaya horon kasuwanci na al'ada, kashi ɗaya horon zaburar da kai da neman mafita, kashi na uku ba a ba su kome ba. Horon na mako huɗu ne, amma bayansa mai koyarwa ya riƙa ziyartar kowa a wurin sana'arsa sau ɗaya a wata har wata huɗu. Rahoton 2017 ya nuna ribar masu horon zaburar da kai ta ƙaru da kashi 30 cikin 100. Ku lura: wata ɗaya na horo, sa'an nan watanni na bibiya.

Ko a nan kusa da mu, tashar kiwo ta Tukunus, wadda ke aikin kyautata irin shanun Azawak tun 1954, ba da duban ido kawai take gane saniya mai albarka ba. Ana auna nonon, ana rubutawa, shekara da shekaru. Idan ana yi wa nonon saniya littafi, jarin da iyali ke ci daga gare shi ya fi cancanta.

FASALI NA BIYAR: YADDA ZA MU YI

Na ɗaya: a zaɓi aiki guda tak. Ko rubuta kowane bashi a lokacin da ake ba da shi, ko raba jakar gida da ta sana'a, ko ƙirga kuɗi da rubuta jimilla idan an tashi daga ciniki, ko ajiye wani abu sananne kullum. Wanda ya ɗauki huɗun gaba ɗaya zai yar da huɗun gaba ɗaya.

Na biyu: a ƙanƙanta shi har ya zama abin kunya ne a bar shi. Layi uku sun isa: abin da ya shigo, abin da ya fita, wa ake bi. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami. Wanda bai iya ko ɗaya ba ya sa ɗansa na madarasa, yaron ma ya ƙaru. Kada a raina kaɗan. Dala 20 a kullum jikka 3 ne a wata, jikka 36 da rabi a shekara. Haka ma ta ɓangaren hasara: mai shayin da ke zarar dala 50 kullum daga cikin ciniki ba tare da lissafi ba, jikka 7 da rabi ke fita a wata, sa'an nan ya ce an yi masa baki.

Na uku: a ɗaure shi da alama wadda ba ta saɓawa. Peter Gollwitzer ya nuna a 1999 cewa wanda ya ƙayyade lokaci da wuri, ya ce idan kaza ya faru zan yi kaza, ya fi cika ƙudurinsa a kan wanda ya ce zan yi kawai. Mu Musulmi Allah Ya ba mu alamomi biyar a kowace rana waɗanda ba sa tsallake yini. Sai mutum ya ce: in Allah Ya yarda, idan na dawo daga sallar Isha'i, kafin in ci tuwo, zan buɗe littafi. Mai bin kasuwanni, daga kasuwar Lahadi ta Filinge zuwa Bankuku ko Balleyara ko Abala, alamarsa ita ce ɗaure kaya: ba ya ɗaure buhun ƙarshe sai ya rubuta.

Na huɗu: a kusantar da kayan aiki. Littafi da alƙalami su zauna a kan akwatin kuɗi, a ɗaure alƙalamin da zare. Abin da sai an tashi an nemo shi, ranar gajiya ba za a nemo shi ba.

Na biyar: a bar wa ido abin gani. A ja layuka 30 a bangon littafi, kowace rana a soke ɗaya, kowace Juma'a a haɗa jimillar mako. Ganin ribarka da idonka shi ne daɗin da ke ƙarfafa ƙafa ta uku ta murhun.

Na shida: a yi aboki. Mutum biyu su yi alkawari, bayan sallar Juma'a kowa ya tambayi ɗan'uwansa ko ya rubuta. Ba a buƙatar nuna adadin kuɗi. Sirrin dukiya na mai ita ne.

Na bakwai: idan rana ta kuɓuce, a dawo washegari. Shaiɗan ne ke raɗa wa mutum cewa tun da ya fasa jiya, kome ya lalace. Ƙofar tuba ma a buɗe take ga abin da ya fi wannan girma.

Na takwas, kuma shi ne jigo: tun ranar farko a yanke abin da za a yi a rana ta 31. Muna ba da shawarar zango uku a jere, kwana 90, aiki ɗaya, alama ɗaya. Kada a ƙara aiki na biyu sai na farko ya kai matsayin da idan ba a yi shi ba ana jin wani abu ya rage, kamar wanda ya fita ya mance hularsa.

TUNATARWA

Kada wani ya ɗauka cewa kwana 30 ko 66 ko 90 adadi ne na ibada. Dabara ce ta rayuwa, kamar zaɓen ranar shuka. Ba mu jingina ta ga Shari'a ba, kuma ba ta da falala ta musamman. Haka nan arziki na Allah ne, Shi ke yalwatawa, Shi ke ƙuntatawa. Littafin lissafi sababi ne kamar haukar noma, kuma tawakkali ba ya kore riƙon sababi. Abdurrahman ɗan Aufu, Allah Ya yarda da shi, ya isa Madina ba shi da kome, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa. Sakhru Algamidi, wanda ya ruwaito addu'ar albarka ga sammakon wannan al'umma, ya mayar da aika hajarsa da sassafe ɗabi'a, dukiyarsa ta yawaita, kamar yadda ya zo a Abu Dawuda da Tirmizi.

Kuma a sani, ƙwaƙwalwa ba ta zaɓe tsakanin sabon alheri da na sharri. Hannun da ya saba rage tiya da ɗan yatsa, ko harshen da ya saba rantsuwa a kan farashi, ta hanyar nan ɗaya suka koya, har mai su ya daina jin nauyinsu. Suratul Muɗaffifin ta yi wa masu tauye ma'auni narko mai tsanani. Wanda ya san yana da irin wannan, zangonsa na farko shi ne cika awo. A ƙarshe, niyya ce ke raba al'ada da ibada. Wanda ya buɗe littafinsa da nufin bin umurnin Ubangijinsa, da tsare haƙƙin mutane, da barin magadansa cikin haske, muna fatar a rubuta masa lada a kan kowane layi.

Muna kira ga limamai da malaman zaure na ƙasar Kurfai, tun daga Filinge har Shikal da ƙauyukan da ke kewaye, da su karanta wa jama'a wannan darasi, su kuma taimaka wa wanda bai iya rubutu ba. Farkon watan da ke tafe ya isa ranar farawa.

Allah Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya tsare matafiyanmu a kan hanya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya azurta mu da halal mai ɗorewa. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu. Allah ne Mafi sani.